Hindu Makitsiya da Ɗanta na Fari

A Kona, can ƙasar Tasawa, 'yan shekaru kafin Nasara su iso, an yi wata mata ana ce da ita Hindu makitsiya. Ni dai ban gan ta ba, kakata ma ba ta riske ta da wayo ba. Amma Zara'u, matar ɗanta, ta daɗe a duniya, kuma ba ta gajiya da ba da labarin surukarta, shi ya sa ya iso har kunnenmu.

Gajeruwa ce, in ji su, mai ƙananan hannuwa, kullum tana ƙanshin man shanu. Akwai wata aduwa kusa da ƙofar gidansu, nan take shimfiɗa tabarma da hantsi, ta aje kibiyar kitso da 'yar ƙwaryar mai. Kitson doka ne gwanintarta, har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa. Sai dai ba kitson kaɗai ke kawo mata ba. Mace na ɗora kai a cinyar Hindu, bakinta ya buɗe. Wannan ta ce mai gidanta ya daina yaba miyarta. Waccan ta ce tun da uwarsu ta rasu wanta bai tako gidanta ba, ko da Sallah. Wata kuma ba ta san abin da ke damunta ba, kuka kawai ke zuwa mata in tana daka. Hindu ba ta ba da magani, ba ta kuma cika ba da shawara ba. Tana tsaga tana saurare, can sai ta ce, "To, ke mi kika ce mishi?" Sau da yawa nan zancen ke juyawa, don sai mace ta tarar ba ta ce komai ba, fushi kawai ta yi ta jira a gane. Yaji nawa ne ya mutu a gindin aduwar nan tun ba a ɗaure kaya ba, Allah kaɗai Ya sani.

To, wannan matar da ta iya buɗe cikin kowa, akwai mutum ɗaya a duniya da ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. Sha'ibu, ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce ga kowa. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi faɗa da wani ba a goya masa baya. Amma ta Hindu ta zarce ta sauran mata, don uwarta 'yar makiyaya ce, a wurinsu kuwa abin ya fi tsanani. Ga shi kuma ana yaye Sha'ibu kakarsa ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ta ɗauke shi ta tafi da shi Kanan-Bakashe inda take zaune. Sauran 'ya'yan fari suna girma a tsakar gida ɗaya da uwayensu, ko ba a kira su ba suna ganin curin furarsu ya fi na kowa girma, su gane. Shi bai ga wannan ba. Sai da Iya ta rasu ya dawo Kona, yana da shekara goma sha biyar, dogo, marar yawan magana, ya tarar da ƙanne mata uku da autansu Tanko, wanda uwar ke kira sau ɗari a wuni. Shi kuwa "yaron Iya" take ce da shi. Da ya yi aure ya koma "mijin Zara'u".

Haka aka zauna, ba wanda ya ga aibi, har mai gidan, Abdussalamu, ya rasu. Gandu ya dawo hannun Sha'ibu. Ya riƙe shi yadda ya ga uban na yi: kwana huɗu kowa na gonar gandu, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. Da kaka, bayan an ba kowane ɗaki rabonsa na rani, ya liƙe babban rumbu, ba mai buɗewa sai ruwa ya sauka, don da shi za a ci a yi noma.

Rani ya yi tsakiya sai wasu makiyaya suka sauka kusa da rijiyar gari, suna neman hatsi, suna ba da maruƙa da araha. Tanko ya ga wani ja, ransa ya biya. Ya ce a buɗe rumbu. Sha'ibu ya ce ba a buɗe rumbun gandu don maraƙi, in yana so ya saya da hatsin gamanarsa. Hatsin gamanar Tanko kuwa tuni ya bi kasuwanni. Magana ta yi zafi bayan la'asar, a ƙofar gida, maza sun dawo daga masallaci suna tsaye, Hindu na gindin aduwa da kan wata a cinyarta. Tanko ya rasa abin faɗa, sai ya ɗauko wanda ya fi kusa da bakinsa.

"Kai har ka hana ni hatsin ubana? Ɗan Kanan-Bakashe. Ga Inna nan zaune, tambaye ta in ta taɓa kiranka ɗanta."

Duk wanda ke nan ya san zancen banza ne, ya san dalilin rashin kiran. Amma duk da haka kowa ya waiwaya wajen aduwa, har shi Sha'ibun, wanda bai saba kallon wajen ba. Hindu ta sunkuyar da kai. Abin da aka koya mata tun tana amarya shi ta yi: uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, babba juji ne, babba shi ke haƙuri. Ta ci gaba da kitsonta. Tsofaffin matan gari ma da suka ji sun yaba mata, suka ce ta san kunya.

Sha'ibu ya juya. Ya shiga gida. Bayan kwana uku aka ji ya bi wani mutum mai suna Mai Nasara, wanda ke tara magidanta za su kafa tunga a arewa, gaba da Atantane. Wurin daji ne sosai, rijiyar da suka soma haƙa sai da ta wuce gaba talatin kafin a ga danshi, ga kuraye, ga mahara da ba a san ranar zuwansu ba. Wanda ya tafi irin wannan wuri da iyalinsa, ba a sa ran ganinsa sai dai labari. Ya yi wata biyu can yana sassabe, ya kafa bukka, ya dawo ɗaukar Zara'u da 'ya'yansu kafin ruwan farko.

Liman ya kira shi, ya kira Tanko. Tanko ya ba da haƙuri, rabi da gaske rabi don idon Liman. Sha'ibu ya ce ya yafe, Tanko yaro ne, kuma ga rumbu nan ya bar masa da gonar duka, iri kawai zai ɗiba. Liman ya ce to in ya yafe, mi ya rage? Ya ce ba maganar Tanko ce ta tashe shi ba. Bai ƙara ba, Liman kuma bai tambaya ba, don ya gane.

Labari ya iso wa Hindu kafin magariba. Daga ranar hannunta ya canza. Matan da ke zuwa kitso suka ga ta daina tambaya, su yi ta zuba ita tana kallon gabas, inda gajimare ya soma taruwa da yamma yana watsewa. Ta dama fura da nono mai kauri ta aika ɗakin Zara'u, aka dawo da ƙwarya da godiya. Ta aiki Liman ya ce da Sha'ibu uwarsa ba ta son tafiyar nan, Sha'ibu ya ce Allah Ya saka wa Liman da alheri. Ƙawarta Halimatu, wadda suka yi 'yan matanci tare, ta same ta a rijiya ta ce da ita, ke da kike aika matan mutane su je su yi magana, taki ƙafar ta karye ne? Hindu ta ce shekara talatin da wani abu ba ta dubi tsakiyar idonsa ba, ta ina za ta fara? Halimatu ta ce ta ina ake fara tsaga, ba daga goshi ba?

An sa ranar tashi Alhamis. Ran Laraba da hantsi Zara'u ta aiko ko Inna za ta yi mata kitso, tunda can babu makitsiya. Hindu ta ce kada ta zo gindin aduwa, ita za ta je. Ba ta taɓa zama a sashen ɗan nata ba, sai ran nan. Ta shiga da tabarmarta, ta shimfiɗa jikin zanar da ta raba tsakar gida da turken jakuna. Bayan zanar kuwa Sha'ibu ne zaune yana ɗinkin mangala. Ta san yana nan, shi ma ya ji shigowarta. Tashi zai zama rashin ladabi, gaisuwa ta wuce "ina kwana" ba su saba ba. Sai ya zauna, ana jin ƙarar basilla tana huda fata.

Zara'u ta ce ita dai ta kwantar da kai, ba ta san abin da za a yi a kanta ba. Ga shi cikin su ukun ba mai iya kiran sunan mutumin: uwa ba ta faɗa, mata ba ta faɗa.

Hindu ta tsefe, ta shafa mai, ta yi tsagar farko. Sannan ta soma hira, kamar yadda take yi da kowa, sai dai yau ita ke ba da labari. Ta ce ran da Iya ta goya wani yaro ta kama hanyar Kanan-Bakashe, ita ta ɗauki gatari ta ce za ta itace, ta bi su daga nesa har gonaki suka ƙare, ta dawo ba ko tsinke, mai gidan ya yi mata dariya. Ta ce shekaru da yawa duk fatken da ya fito daga wajen can sai ta tsaya tayin wake, ba don tana so ba, ko Allah Ya sa ya ambaci gidan Iya. Ta ce akwai shekarar da ta tara zare ta bi mata har kasuwar garin, yini guda a ƙasa, ta hango shi cikin yara da gyambo a gwiwa. Ta sayi dakuwa da duk abin da zaren ya kawo, ta ba wata mai tuwo ta raba wa yaran kasuwa kaf, don tasa ta isa hannunsa ba a ce daga ina ba.

Basilla ta daina ƙara. Hindu na magana tana jan gashi, Zara'u na cije leɓe.

Can sai murya ta fito daga bayan zana. "Zara'u."

"Na'am."

"Tambayi Inna, ban da ita da Allah, wa ya san wanga labari?"

Zara'u ta buɗe baki za ta maimaita, Hindu ta ce ta ji. Ta ce ki gaya mishi ba don a sani aka yi ba. Ya ce ki gaya mata shi ya sa. Abin da aka yi a ɓoye yana nan a ɓoye, wanda aka faɗa a ƙofar gida kuwa har yaran da ke kiwon awaki sun haddace shi. Ya ce ran nan bai nemi a kira sunansa ba, bai nemi a zagi Tanko ba, ko "kai, bari" aka ce da ya isa. Hindu ta ce da ta faɗi haka da matan gari sun ce ta zubar da kunya don ɗan fari. Ya ce to ga shi ba ta zubar ba, kunya na nan cike da ƙwarya.

"Inna," in ji Zara'u a hankali, "kaina ne a hannunki, ba nashi ba."

Hindu ta sassauta. Ba wanda ya yi dariya. Zara'u ta ce ta ji tsohuwar ta ja numfashi ta juya fuska wajen zana, har ta ce a ranta yau za a yi ta. Abin da ya fito shi ne, "Ki ce mishi shi zauna."

Sha'ibu ya ce saƙo ya sha shi, daga Liman, daga ƙannensa mata, daga ƙwaryar fura. Ya ce ya riga ya ba Mai Nasara alkawari, mutum biyar ne, in ɗaya ya janye sauran ba su iya tsaron wurin. Kuma ko ya zauna, da wace fuska zai bi ta ƙofar gidan nan kullum? Bai faɗa da zafi ba, da ma da zafi ne da ya fi sauƙi. Ya tashi ya kwance jaki ya tafi ban ruwa.

Hindu ta ƙarasa kitson. Zara'u ta ce da ta shafa ta ji tsaga ɗaya ta karkace bayan kunne, abin da ba a taɓa gani ba a hannun Hindu. Ba ta ce a gyara ba.

Alhamis da safe, rana ba ta yi zafi ba, gari ya taru a bakin hanya. Jakuna a ɗaure da kaya, buhunan iri, sungumi da hauya, wasakin jan ruwa, tukwane cikin raga. Mai Nasara na ta duban sama, don iskar da ke busowa da ƙanshin ƙasa ta zo, an yi ruwa wani wuri. Tanko na tsaye can gefe da hannu a baya. Ƙannen mata na kuka. Hindu ba ta fito ba, mutane kuma ba su yi mamaki ba, ai ba a rakiyar ɗan fari. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa. Sha'ibu ya ɗora ƙaramar ɗiyarsa bisa jaki. Zara'u ta ce sau ɗaya ya dubi ƙofar gidan, ya kau da kai, ya ce a tafi.

Jakin gaba ya ɗaga ƙafa ke nan sai ga ta. Ƙulli a kai, tabarma a hammata, 'yar ƙwaryar man nan a hannu. Ta ratsa mutane ba ta gaida kowa ba, ta je wurin jakin Sha'ibu na biyu, ta sauke ƙullin ta ɗora bisa mangala, ta kama igiya tana ɗaurewa. Ɗaurin ya karkace.

Tanko ne ya fara magana. "Inna, ina za ki?"

Ya matso ya sake tambaya, ya ce wa za ta bar wa shi, wa za ta bar wa gidan? Sannan ta juyo, ta ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ta ɗaga ba.

"Tanko, ka sha nono, ka sha goyo, ka sha kira har sunanka ya gaji. Ya ishe ka. In mai gida ya rasu, mace gidan babban ɗanta take zama. Inda babba ya nufa, can ne gida."

Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Liman ya ce Hindu, hanyar kwana uku ce, can babu inuwa babu maƙwabta, ke kuma ba yarinya ba. Ta ce ta ji, Allah Ya gafarta Malam. Halimatu ta rungume ta tana yi mata faɗa, wai cewa ta yi ta je ta yi magana, ba ta ce ta kwashe kaya ba.

Saura shi. Sha'ibu na tsaye da sanda a hannu, bai motsa ba. Kowa ya san in ya ce ta koma, dole ta koma, da ƙullinta a kai, ta cikin mutanen nan duka. Ya tako a hankali ya zo wurin jakin. Hindu ta ja baya ta juya fuska. Ya kama igiyar da ta ɗaura ya kwance, ya sauke ƙullin ƙasa. Sai ya sauke buhun iri guda, ya mai da ƙullin wurinsa, ya daidaita nauyin, ya ɗaure tam, ya ninke tabarmar ya shimfiɗa a tsakiya. Ya sunkuya ya ɗauki buhun ya aza a kansa.

"Zara'u, ce ma Inna ta hau. Tahiyar da nisa."

Ta ƙi hawa a gaban jama'a. Da ƙafa ta bi su, sai da rumbunan Kona suka ɓace a bayansu ta yarda Zara'u ta tallafa mata. Ruwa ya riske su a hanya rana ta biyu, suka isa suka yi shuka washegari.

Zaman can bai yi mata sauƙi ba. Gida biyar, kawunan mata bakwai, cikin kwana biyu ta gama da su ta zauna. Ruwan rijiyar da kauri, damina ta farko hatsi bai yi ba sai wake. Ta rame, tana yawan tambayar matafiya labarin 'ya'yanta mata, da na Halimatu, da na Tanko, wanda ya yi fushi ya shekara biyu bai zo ba. A ta uku ya zo da jaki biyu na hatsi, ya kwana huɗu, shi da wansa suka gaisa suka ci tuwo akushi ɗaya. Gandun dai bai sake haɗuwa ba.

Uwa da ɗa kuwa, da yamma in an dawo gona ta kan zauna nan, shi can, Zara'u a tsakiya tana sussuka ko tana kaɗi, su yi ta hira ta kanta, ta gona, ta yara, ta mutanen Kona da suka rasu. Zara'u ta ce wani lokaci takan tashi ta shiga ɗaki, ta ji su sun ci gaba, suna "ki ce mishi", "ki ce mata", ba su lura ta tashi ba.

Damina ta biyar Hindu ta rasu, bayan zazzaɓin kwana shida. Can aka rufe ta, ita ce kabari na biyu a tungar. Jikokin Sha'ibu suna can har yau, na Tanko suna Kona, in an yi suna ko rasuwa suna zuwa wa juna.